Injin Da Jafaru Ya Haɗa

Ya 'yan uwa, ku gyara zama, na baya ku matso. An yi wani mutum a garin nan namu na Zariya, can cikin shekarun saba'in, bakanike ne. Ba zan ambaci gidansu ba, don har yanzu yana da dangi a raye. Sunansa Jafaru, wannan ya ishe ku.

Gidansa yana Samaru, garejinsa kuwa yana Sabon Gari ta wajen Muciya, wata rumfar kwano ce da rami a tsakiya. Allah Ya yi wa mutumin nan baiwa, ba ƙarama ba. Idan aka kawo masa mota mai ciwo, ba ya saurin ɗaukar sifana. Sai ya ce a tayar da ita, ya ɗora bakin sukundireba a jikin injin, ya kara ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Can sai ya ce, "Fistin na uku ne." A buɗe, a tarar shi ɗin ne. Direbobin tasha har rantsuwa suke yi wai ƙarfe yana yi masa magana.

Wadda ta rene shi goggonsa ce, Hafsatu, ƙanwar mahaifinsa. Yana ɗan shekara huɗu uwarsa ta rasu, ita kuwa Allah bai ba ta haihuwa ba, sai ta goya shi. Da matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli ta ci da shi, ta tufatar da shi, ta kai shi koyon aiki. Da ya girma ya yi gida, ya ɗauko ta ya ba ta ɗakin da ya fi kowanne kyau. Ku shaida, ba ɗan banza ba ne. Yana sallah, kuma yana son tsohuwar nan har ransa.

Ita kuma burinta a duniya ɗaya ne tak: ta ga Ka'aba da idonta kafin a rufe idon. Shekara da shekaru tana ɗauke da wannan niyya, har gwiwoyinta suka fara gazawa. A shekarar da nake ba ku labari, Allah Ya nufa sunanta ya fito cikin maniyyata.

To, a wancan zamani kayan gyaran mota wuya suke yi. Kaya su maƙale a tashar jiragen ruwa ta Ikko wata da watanni, mota ta kwanta saboda ƙarfe ɗaya da bai fi tafin hannu ba. A bayan garejin Jafaru akwai motoci biyu matattu. Ɗaya doguwa ce mai ɗaukar mutum bakwai, ɗayar ƙarama ce da ta yi haɗari.

Bari in yi bayani saboda waɗanda ba su taɓa leƙa cikin mota ba. Inji rabi biyu ne. Akwai gangar jiki, wadda makanikai ke kira bulok, a cikinta fistin ke hawa da sauka. Akwai kuma kai, wanda suke kira tof silinda, shi ake kifawa a sama a ɗaure da notuna. Tsakaninsu a shimfiɗa wani falle mai suna gaskit, don kada wuta ko ruwa su sami kafar fita. Doguwar motar nan kan injinta ya tsage, gangar jikin lafiya lau. Ƙaramar gangar jikinta ta fashe, kan kuwa ko ƙwarzane babu. Sai dai ba jinsi ɗaya ba ne. An ƙera su a shekaru daban, girmansu daban, ba a yi wannan don wancan ba.

Duk bakaniken da ya gan su sai ya ce a kira 'yan gwangwan su kwashe. Jafaru kuwa wata safiya ya ɗauko kan ƙaramar, ya kifa shi a kan gangar jikin babbar, da wasa kawai. Sai ya ga cikin ramukan noti goma, takwas sun hau daidai. Ya zauna a kan wata tsohuwar taya, ya zuba wa ƙarafan nan ido har rana ta take.

A layin bayansu akwai wani dattijo, Baba Oladipo, Bayarabe ne Kirista. Ya yi shekara talatin a wurin gyaran kawunan jirgin ƙasa, da ya yi ritaya ya buɗe shagon sassaƙar ƙarfe. Hausa a bakinsa kamar Bazazzagi. Wurinsa Jafaru ya tura kayan a amalanke.

"Baba, kana ganin zai yiwu?"

Tsohon ya sa tabarau, ya auna, ya sake aunawa. Sannan ya ce, "Jafaru, ko dai ka fara taɓuwa, ko kuwa Allah Ya buɗe maka wata ƙofa. Sauke mu gani."

Wata uku suka yi a kan aikin nan. Ramuka biyun da suka goce, suka cike su da narkakken ƙarfe, suka sake huda su. Fuskar kan suka riƙa gogawa a kan falen gilashi da garin dutse, kullum kaɗan, har ta yi sumul. Sandunan cikinsa sun yi tsawo, Baba Oladipo ya rage su ɗaya bayan ɗaya, yana aske abin da bai kai kaurin farce ba. Gaskit kuwa babu irinsa a kasuwar duniya, tunda ba a taɓa yin irin injin ba. Sai Jafaru ya dama shuni da mai, ya shafe fuskar ƙarfen, ya danna takardar buhun siminti ya ɗauki zanen. Ya kai wa maƙeri falen jan ƙarfe, aka gasa shi ya yi jawur, aka tsoma a ruwa ya yi laushi, ya zauna da kurfi yana yanka. Na farko ya lalace. Na biyu ya lalace. Sai a na biyar ya zauna.

Ku tsaya ku duba ikon Allah a nan. A cikin injin nan wuta ce ke tashi, sau dubbai a minti ɗaya. Kuma ruwa yana zagaye da ita ta wasu 'yan siraran hanyoyi, daga gangar jiki ya hau kai, daga kai ya gangara lagireto ya sha iska ya dawo. Tsakanin wutar da ruwan, ƙarfe ne da bai fi kaurin yatsa ba. Wutar ba ta ƙafar da ruwan ba, ruwan bai kashe wutar ba, kuma a haka ake ɗaukar mutum daga nan zuwa Ikko. Wa ya sa wa ƙarfe wannan haƙuri? Wa ya sanar da ɗan Adam, wanda aka haifa ko sunansa bai sani ba? Subhanallahi! Muna hawa kullum, ba ma ko tunani.

To, a kan hanyoyin ruwan nan ne magana ta tsaya. Guda takwas ne. Bakwai sun haɗu baki da baki. Ta takwas, can baya kusa da fistin na huɗu, ta goce, ta sama ba ta ga ta ƙasa ba.

Baba Oladipo ya sa yatsa a wurin ya ce, "Wannan sai mun fafe mata hanya a karkace. Aikin sati uku ne, kuma a hankali, don in hannu ya goce kan ya tashi aiki."

A lokacin labari ya riga ya gama Sabon Gari. Makanikai suna wucewa suna tsokana, wai ina aka kwana a auren akuya da raƙumi. Jafaru ya gaji da dariyar nan, ta ci masa rai.

Ya ce, "Haba Baba, bakwai sun haɗu, ɗaya ce za ta hana mu?"

"A cikin gari ba za ka ji komai ba. Ranar da ka yi doguwar tafiya cikin rana, ranar za ta yi magana."

"To mu tayar mu ji tukuna. Daga baya sai a kwance a gyara."

A kan wannan alkawari tsohon ya yarda aka ɗaure.

Ranar wata Alhamis da hantsi aka tayar. Garejin ya cika maƙil, masu son gani da masu jiran dariya. Jafaru ya yi yadda makanikai ke yi in za a tayar da sabon ɗauri: ya raba sadakar ƙosai, ya yi bismillah, ya murɗa makulli. Injin ya yi tari ya yi shiru. Ya sake, ya yi tari sau biyu. A na uku ya kama.

Ya 'yan uwa, waɗanda suka halarta sun ce ba su taɓa jin irin wannan sauti ba. Ba ƙara ba ce, wani gurnani ne mai nauyi, lafiyayye, kana jinsa a ƙirjinka kafin ka ji shi a kunne. Wani ya ɗora kofin ruwa a kan injin, ruwan bai zube ba. Masu dariya suka saki baki. Baba Oladipo ya cire hularsa, hawaye na bin kumatunsa. Shi kuwa Jafaru ya ce Allahu Akbar, ya faɗi ya yi sujada a nan cikin baƙin mai da ƙasa. Matattu biyu ne fa, aka haɗa su suka tashi.

Kuma abin bai tsaya nan ba. Da yake kan na ƙaramar mota ne, ɗakin wutar ya matse, sai ƙarfin ya ƙaru. Motar nan ta riƙa cin titin Samaru kamar ana tura ta. Duk motar da ta tashi tare da ita daga Sabon Gari, sai dai ta hango ƙeyarta.

Wallahi da labarin ya ƙare a sujadar nan, da wa'azin godiya zan yi muku yau.

Suna ya tafi. Ɗaliban jami'a suka riƙa zuwa daga Samaru a kan kekuna, suna leƙe suna zuba Turanci. Wani malaminsu mai koyar da aikin inji, Bamidele, ya zo da kansa, ya zagaya, ya kama hannun Jafaru da hannu biyu, ya ce wannan ba ya cikin littattafan da ya karanta. Ku saurari yadda harshen Jafaru ya riƙa sauyawa. Satin farko cewa yake, "Allah ne Ya ba mu sa'a, ni da Baba." Bayan wata ɗaya ya koma, "Mun haɗa." Kafin wata na biyu ya cika sai, "Na haɗa." Ya sa aka yi wa murfin injin marata, ya garƙama masa kwaɗo, don kada wani bakanike ya saci fasaharsa da ido.

Sau uku Baba Oladipo yana takowa ya tuna masa alkawari. A na ukun Jafaru ya ce, "Baba, injin da malaman jami'a suka sara wa, shi za a gani a kwance a ƙasa? Mutane su ce me?"

Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, buɗe ido, yanzu aka zo wurin.

A gaban kowane direba akwai agogon zafi, mai 'yar allura. In inji yana lafiya, allurar tana tsakiya. In ya ɗauki zafi, sai ta hau zuwa ja. Aikinta ke nan, ba ta da wani: ta faɗa maka gaskiya tun da sauran lokaci.

Malam Bamidele ya nemi a ɗauke shi zuwa Giwa a dawo, yana so ya ji injin a kan hanya. Ana gobe tafiyar, Jafaru ya fita shi kaɗai ya gwada. Yana wuce Shika sai ya ga allurar ta fara hawa, sannu a hankali, har ta kusa taɓa ja. Ya gangara gefe ya kashe. Ya daɗe a zaune, hannunsa a kan sitiyari. Ya san abin da ya gani. Babu wanda ya fi shi sani a duk Zariya.

Da ya dawo gida, sai ya shige ƙarƙashin sitiyari ya zare wayar agogon. Ya buɗe gilashin, ya tura allurar tsakiya da tsinke, ya ɗiga mata ƙaro, ya mayar ya rufe.

Washegari ya ɗauki malamin. A hanya yana ta tsayawa, nan sayen goro, can gaisuwa, don injin ya riƙa shan iska. Malamin ya kalli agogon ya ce, "Ikon Allah, ko motsi ba ta yi!" Jafaru ya yi murmushi.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan, ya 'yan uwa, shi ne abin da ya biyo baya. Bayan 'yan makonni, shi kansa Jafaru in yana tuƙi sai ya kalli allurar, ya gan ta a tsakiya, ya ji hankalinsa ya kwanta. Shi ya ɗaure ta da hannunsa, kuma ya dawo yana gaskata ta.

Lokacin tashin alhazai ya zo. Sunan Goggo Hafsatu ya faɗa jirgin ƙarshe, wanda daga shi sai baɗi. Maniyyatan Samaru suka shirya tafiya sansani a Kano tun saura kwana huɗu, a cikin bas ɗin wani direba Shekari, mai jigilar Zariya zuwa Kano kullum. Jafaru ya tsaya a tsakiyar tasha ya ce, kowa na ji, goggonsa ba za ta yi kwana huɗu tana kwanan ƙasa da ciwon gwiwa ba. Ranar tashi zai ɗauke ta da hantsi, kafin azahar tana filin jirgi. Akwai tausayi a maganar nan, ba na musu. Amma akwai son a gani, kuma shi ya fi yawa.

Goggo ta ce, "Ɗan nan, da ka bar ni na bi mutane. Zaman jiran ma ai ibada ne."

"Goggo, ki bar ni in yi miki wannan. Duk abin da kika yi mini, me na taɓa yi miki?"

Ta kalle shi, ta ga yadda abin ya ci ransa, sai ta haƙura.

Baba Oladipo ya ji labari. Ya hau keke tun daga Sabon Gari har Samaru, ga tsufa, ya same shi a ƙofar gida yana wanke mota.

"Jafaru, Kano ba Samaru ba ce. Sa tsohuwar nan a motar Shekari. In kana so ka bi su a baya, wannan kai da injinka."

Jafaru ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Baba, ka yi naka, an gode. Ƙarfe ka sassaƙa. Injin nawa ne."

Tsohon ya juya kekensa ya tafi.

Ranar ta zo, cikin zafin kaka, irin wanda tun hantsi riga ke manne wa baya. Maƙwabta suka rako Goggo har bakin mota, ana koke-koke ana neman gafara. Aka sa akwatinta a baya, ta zauna a gaba da carbi da 'yar butarta. Suka kama hanyar Kano.

Kai, motar ta yi gudu ranar! Wajen Tashar Yari suka cim ma bas ɗin Shekari, cike da mutanen Sabon Gari. Jafaru ya danna oda ya wuce su fuu, suna ɗaga masa hannu ta taga. Goggo kuwa tana ta bitar addu'o'in da aka koya musu, leɓenta na motsi, fuskarta kamar ta yarinya ranar sallah.

Sun wuce Kwanar Ɗangora da kaɗan sai kunnen Jafaru ya ji wani abu. Ƙis, ƙis, ƙis, can baya, wajen fistin na huɗu. Sai ƙauri ya biyo. Ya kalli agogo. Allura tana tsakiya. Ya taka mai, ya ji motar ta yi nauyi. Ya ɗaga ido ya kalli madubi, sai ga bas ɗin Shekari can nesa yana tahowa.

Ku tsaya a nan, ya 'yan uwa, don a nan Allah Ya miƙo masa igiya. Me ake bukata? Ya gangara gefen titi ya ɗaga hannu, shi ke nan. Shekari zai tsaya, a ɗauki tsohuwa da akwatinta, cikin awa guda tana Kano. Jafaru ya san haka sarai. Amma ya san kuma bas ɗin nan cike yake da idanun Sabon Gari. Za su ga motar Jafaru a gefen hanya, murfi a ɗage, tana tururi. Kafin la'asar labari ya kai Muciya.

A hannun hagu akwai wata turbar shanu da ta shige cikin gonakin dawa, dawar ta yi tsawo ta fi mutum. Jafaru ya murɗa sitiyari ya faɗa ciki.

"Ɗan nan, nan ce hanyar?"

"Ruwa zan ƙara, Goggo. Yanzun nan."

Ya yi ta kutsawa don kada a hango shi daga titi. Yana ji bas ɗin ya wuce. Bai tsaya ba sai da injin ya mutu don kansa a gindin wata ɗorawa, sun yi nisan da ko ƙarar titi ba a ji.

Ya fito, ya buɗe kwaɗon, ya ɗage murfi. Zafi ya buge shi. Ko wanda ya yi kwana uku a gareji ya san ba a buɗe lagireto yana tafasa. Shi kansa ya faɗa wa mutane haka ya fi sau ɗari. Amma rana tana hawa, azahar na matsowa. Ya cire hularsa, ya dafe marfin lagireton da ita da hannu biyu, ya sunkuya ya murɗa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ruwan da aka hana hanya ya sami hanya. Ya yi tsiri sama da tururi, ya wanke masa hannaye da fuska. Ihun da ya yi, manoma a gona ta uku sun ji shi.

Tsohuwar nan da ba ta iya miƙewa sai an kama ta, ita ta fito, ta rarrafa ta isa gare shi. Ta jawo akwatinta ta buɗe. A ciki akwai farin yadi da ta saya don likkafaninta, tana nufin ta wanke shi da ruwan zamzam ta dawo da shi, kamar yadda tsofaffi ke yi. Ta sa haƙori ta keta shi. Ta jiƙa da ruwan butarta, ta naɗe masa hannaye, ta rufe masa fuska, tana cewa, "Sannu, sannu ɗan nan, ina nan."

Manoma suka zo, suka nemo amalanken shanu. Kafin a ɗora shi, a fito da su bakin titi, azahar ta gota. Aka tsayar da wata mota mai zuwa Kano. Wani dattijo cikin manoman ya ce, "Hajiya, in kika hau yanzu wataƙila ki samu. Mu za mu kai shi asibiti, amana ce."

Jafaru ba ya gani, amma yana ji. Ya riƙa cewa, "Goggo ki tafi. Don girman Allah ki tafi."

Ta ce, "In tafi in ce wa Ubangiji na bar wa a bakin hanya?"

Motar Zariya ta hau, kansa a kan cinyarta. La'asar ta yi mata a barandar asibiti. Ta tambayi wata ma'aikaciya ko ƙarfe nawa, aka faɗa mata. Ta gane jirgi ya tashi, sai ta nemi ruwa ta yi alwala.

Wata biyu ya yi a kwance. Ya fito ido ɗaya ya tafi, yatsun hannu biyu sun ƙanƙance sun lanƙwashe ciki, ko cokali sai da dabara. Motar kuwa aka jawo ta Sabon Gari, makanikai suka taru a kanta. Suka tarar kan ya tsage daidai wurin fistin na huɗu. Wani ya leƙa gaban direba ya kira sauran. Injin ya ƙone, ya yi sanyi tun kwana da kwanaki, allura tana nan a tsakiya. Ba wanda ya yi dariya. Abin da ya guje wa mutum ashirin su gani, garin duka ya gani.

Baba Oladipo bai taɓa gaya wa kowa cewa ya yi gargaɗi ba. Duk Lahadi in ya taso daga coci sai ya biyo wurin Jafaru da lemo, ya zauna tare da shi. Gareji ya rufe. Kunnen yana nan, Jafaru yana zaune a ƙofar gida mota ta wuce ya san ciwonta, amma babu hannun da zai taɓa.

Goggo Hafsatu ba ta taɓa tayar da maganar ba, ko sau ɗaya. Alhazai suka dawo, ta sa aka kai ta gida-gida tana yi musu barka, ta karɓi dabino da ɗan kurɓin zamzam, ta dawo ta ba shi rabi. Wannan shirun nata ya fi ruwan zafin cin jikinsa.

Da damina ta faɗi ta kwanta ciwo, tun kafin a fara rubuta maniyyatan baɗi. Da ya ga jikin ya yi nauyi, ya durƙusa a bakin gadonta.

"Goggo, akwai abin da ban faɗa miki ba. Na san injin nan da aibi tun kafin mu tashi. Ni na ɗaure allurar. Kuma ranar nan, na ga motar Shekari a bayanmu."

Ta buɗe ido a hankali. Ta ce, "Na sani, ɗan nan. Ina kallon ka lokacin da kake kallon madubin."

Ya kifa kai yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Ta ce, "Tawa na yafe tun a gonar dawar nan. Saura ta Wanda Ya kira ni ɗakinSa. Wannan kai da Shi."

Bayan kwana biyu ta cika. Da aka ɗauko makara, maza suna karɓa-karɓa kamar yadda aka saba, Jafaru ya matso ya miƙa hannu. Yatsun suka ƙi kamawa. Ya gwada da ɗayan, suka ƙi. Haka ya bi bayanta har maƙabarta, matar da ta goya shi, wasu na ɗauke da ita.

Ya 'yan uwa, kada wani ya fita daga nan ya ce na ce fasaha zunubi ce. A'a. Injin nan aya ce daga ayoyin Allah, kuma Shi Ya ba Jafaru basirar haɗa shi. Laifin ba a ƙarfe yake ba. Laifin, an ba shi kyauta ya ce shi ya ba kansa. An nuna masa aibi ya rufe da kwaɗo. Dattijo ya faɗa masa gaskiya ya kore shi, allura ta faɗa masa ya ɗaure ta. Daga ƙarshe, da aka ce ya zaɓa tsakanin kunyar rabin awa a gefen titi da burin tsohuwa na shekara da shekaru, sai ya ji tsoron idon mutane fiye da idon Allah.

Kai ɗan kasuwa, wane aibi ka sani a hajarka ka yi shiru? Kai magini, kai direba, kai malami, wa ya taɓa gaya maka gaskiya ka daina gaishe shi? Zuciyarka tana motsawa da, in ka yi ba daidai ba. Yaushe rabon da ta motsa? Ka tabbata lafiya ce ta sa ta yi shiru? Kuma ka duba wa ke zaune a gefenka ya amince da tuƙinka, don ba kai kaɗai za ka ƙone ba.

Wanda ya san yana kan irin wannan hanya, ya gangara gefe yau, ya ɗaga hannu. Mutane za su gani, za su yi magana kwana biyu, su manta. Wannan ya fi sauƙi.

Ya Allah, Ka ji ƙan Hafsatu, Ka rubuta mata ladan hajjin da ta yi niyya. Ka gafarta wa bawanKa Jafaru, don ya yi nadama mai tsawo. Ka ba mu masu faɗa mana gaskiya, Ka ba mu kunnen jin ta tun da sauran lokaci. Kada Ka bar mu da baiwar da za ta zame mana halaka. Daga girman kai, da ɓoye aibi, da tsoron idon mutane, Allah Ya kiyaye mu baki ɗaya. Amin.